Kukan Kwamfutar Ifeanyi

A gidanmu da ke Fagge, ko mutum yana gargarar mutuwa ka tambaye shi yaya jiki, da sauƙi zai ce maka. Haka muka taso muka tarar. Kakarmu ta yi shekaru tana fama da ƙafa, ba wanda ya taɓa jin ta ce wayyo, sai da ƙafar ta kumbura har zane ya kasa rufe ta. Ana kiran wannan hali kara, ana kiransa dattako, har a masallacin unguwa ana yabon gidanmu da shi. Ni Asama'u ban gaje shi ba. Tun ina ƙarama ake ce min Mai Baki, da na zama malamar makarantar 'yan mata ma sunan ya bi ni har can.

Mahaifina, Malam Abdulmuminu, tsohon magatakardar kotu ne. Bayan ya yi ritaya idanunsa suka fara dushewa, shi ma da sauƙi ya riƙa ce mana har ranar da muka ga yana zuba shayi a gefen kofi. Da ido ya tafi, abu ɗaya ya rage masa da yake tashi da shi yake kwana da shi: waƙoƙin mahaifinsa. Kakanmu alƙali ne, ya rubuta waƙoƙin wa'azi masu yawa da ajami, aka tara su a adaka. Wata damina ɗakin ya rufta a kan adakar, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa. Ba su saura a ko'ina ba sai a kan Baba. Ƙaninsa, Baffa Habibullah, yana yaro mahaifinsu ya rasu, boko aka sa shi, baiti ɗaya bai riƙe ba. Mu 'ya'ya kuwa sai ɗan abin da kunne ya tsinta.

Na sha cewa, "Baba, mu ɗauka a kaset mana."

Sai ya ce, "In ji waƙar mahaifina a teburin mai shayi, ana cire ta ana sa ta soyayya? Littafi za a yi, Asama'u. Amma ba yanzu ba."

Ba yanzu ba, saboda a cikin waƙoƙin akwai wata doguwa da kakanmu ya yi wa azzaluman masu mulki, kuma lokacin soja ne. Ko a tsakar gida Baba ba ya rera ta. Ya ce bango ma da kunnensa, kuma shi ya yi aikin kotu, ya ga waɗanda baki ya kai su inda ba su dawo ba.

Shekarar da aka ce soja za su koma bariki, tun kafin a miƙa mulki Kano ta buɗe baki. A motar haya, a bakin Kantin Kwari, a layin mai, kowa ya zama ɗan jarida, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Wata safiya Baba ya sa aka fito masa da babbar rigarsa, ya ce yau za a fara. Baffa ya goya shi a Vespa, ni na bi su a acaɓa, muka tsallaka Sabon Gari shagon Ifeanyi.

Ifeanyi ba baƙo ba ne a wurinmu. Mahaifinsa, marigayi Emmanuel, shi ne ya yi shekaru yana gyaran tafiretar kotun su Baba, suka yi abota irin ta da, wadda ake aiko da shinkafar Kirsimeti a mayar da naman Salla. A Sabon Gari aka haifi Ifeanyi da ƙanwarsa Chinyere, Hausa a bakinsu kamar jakin Kano. Da zamanin tafireta ya wuce, Ifeanyi ya sayi kwamfuta ta hannu, ya buɗe shagon buga takardu, Chinyere ce ke bugawa. Ifeanyi na ganin Baba sai ya zube har ƙasa ya gaishe shi. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya rantse da kabarin mahaifinsa ba zai karɓi ko kwabo ba. Na so in yi magana, don na san aikin kyauta ba a iya yi masa faɗa, amma Baffa ya harare ni.

Aka zaunar da Baba kusa da injin. Ifeanyi ya danna, fanka ta fara juyawa, lambobi suka riƙa gudu a baƙin allo, sai muka ji ɗan sauti gajere, ƙit.

Baba ya karkata kai. "Me ta ce?"

Ifeanyi ya yi dariya. "Baba, duk sanda aka kunna ta, sai ta fara ƙirga ƙwaƙwalwarta ta ga ko komai na nan daidai. In lafiya, ta yi ƙit sau ɗaya. In da matsala, ta yi kuka."

"Ashe tana da ladabi," in ji Baba. "Sai ta duba alwalarta kafin ta tayar da salla. Ta fi wasu mutanen."

Daga ranar ya sa wa sautin suna sallama. Ba ya fara faɗar baiti sai ta yi sallama ya amsa mata. Yana faɗa, Chinyere na bugawa, ta karanto masa abin da ta buga, ya gyara. Na ce a riƙa fitar da na kullum a takarda, ya ƙi. Ya ce shafi-shafi haka suke yawo har su ƙare a hannun mai ƙosai, sai an gama duka za a fitar. Chinyere ta nuna min disket ɗin da za ta riƙa kwafewa a kai duk ƙarshen mako, hankalina ya ɗan kwanta. Ba a jima ba na tafi Zariya ƙarin karatu. Abin da ya faru bayan tafiyata, daga bakin Chinyere na ji shi, tana faɗa tana kuka.

Littafi ya yi ta girma, inji ya yi ta nauyi. Ga kuma aikin 'yan siyasa da ya yi wa shagon yawa, wannan na son fosta, wancan na son saƙon taya murna da hotonsa ya fi na wanda ake taya murnar girma. Sai ya zama Baba yana tsakiyar baiti kwamfuta ta tsaya tunani, ya riƙe sauran a baki yana jira, wani lokaci har zaren ya kuɓuce masa. Bai taɓa cewa komai ba. Amma Ifeanyi yana gani, kunya tana cin sa. Ran nan ya je wajen shataletalen Bata, wurin wani mai tallar kayan kwamfuta 'yan gwanjo, ya sayo abin da suke kira memori, wani ɗan falle kore kamar mataji. Ya ɗora wa Baba a tafin hannu ya shafa.

"Baba, ƙarin ƙwaƙwalwa na sayo wa littafinka. Daga yau ba za ta ƙara sa ka jira ba."

Chinyere ta ce Baba ya daɗe yana juya abin a hannunsa. Sannan ya dafa kan Ifeanyi a gaban duk mutanen da ke shagon, ya yi masa addu'a doguwa, ya ambaci mahaifinsa, ya ce Emmanuel bai mutu ba. Ifeanyi ya yi hawaye. Kashegari Baffa ya zo masa da yadin shadda tukuici, kafin mako ya zagayo Ifeanyi ya ɗinka ya sa zuwa coci.

Kwanakin farko inji ya yi ta gudu. Sai wata safiya da aka kunna, lambobi suka yi gudu suka cije a tsakiya, maimakon ƙit sai wani dogon kuka, ya ɗauke, ya sake dawowa. Wani rubutu ya fito a allo.

Baba ya ce, "Ifeanyi, yau muryarta ta sauya."

"Ba komai, Baba. Sabon abu ne a jikinta, za ta saba."

Ya kashe ya kunna, ta yi ƙit, aka ci gaba. Daga nan abin ya zama yau lafiya, gobe kuka. Makaho kuwa da kunne yake gani. Wata rana suna fita Chinyere ta ji Baba yana ce wa Baffa anya abin nan da yaron ya sayo lafiyarsa ƙalau, don tun da aka sa shi injin ke ƙorafi. Baffa ya ce, "Haba Yaya, yaba kyauta tukuici. Yaro na yi mana aiki don Allah, ya ƙara da sayo kaya da guminsa, sai mu buɗe baki mu ce kayansa na da ciwo? Ai sai a ce ba mu da kara." Baba ya laluba ya hau Vespa.

Shi kuma Ifeanyi ga inda ya tsaya. Abin da dattijo ya sa wa albarka a bainar jama'a, aka ba shi shadda a kai har ya ɗinka, ta ina zai fara cewa ya cire? Kuma in ya kashe ya kunna tana tashi, aiki na tafiya. Kukan ne kawai ke tona masa asiri kowace safiya a gaban mutumin da yake jin nauyinsa kamar uba. Sai ya kwance murfin injin, ya zare 'yar wayar lasifikar da ke ciki, ya shiga inda ake saita ta ya hana ta ƙirgar nan da take yi in an kunna. A makon da aka rantsar da farar hula ne, ƙasa duk ta cika da murnar an daina toshe wa mutane baki.

Da Baba ya zo ya zauna, ya jira, ya jira. "Yau ba ta yi sallama ba."

"An gyara ta, Baba," in ji Ifeanyi.

"To, madalla."

Chinyere ta ce ya juya fuskarsa wajen injin ya daɗe a haka, sannan ya yi bisimilla ya ci gaba da baitin jiya.

Ita ma ta ga nata. Wata rana hannunta ya zame ta koma shafukan baya, ta ga layi biyu sun zama wasu 'yan akwatuna da alamomi marasa kan gado. Ta nuna wa yayanta, ya ce ƙila cutar kwamfuta ce, zai wanke in aikin fosta ya lafa. Ta yi niyyar faɗa wa Baba. Ranar kuwa ya zo mata da dabino a aljihu, yana ce mata 'yata, yana ba ta labarin ya yi mafarkin mahaifinsa yana murmushi. Ta haɗiye maganar. Daga ranar ta daina komawa baya, don kar ta ga abin da ba za ta iya faɗa ba.

Ni kuwa duk zuwan da na yi hutun ƙarshen mako sai na tambaya. Baba, yaya littafi? Alhamdulillahi. Baffa, yaya aiki? Sai godiya. Na leƙa shago sau ɗaya, Ifeanyi ya aika aka sayo min lemo mai sanyi, ya ce komai na tafiya daidai. Mutum huɗu, kowa ya san wani abu, kowa na lulluɓe ɗan'uwansa da mutunci. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ƙarshen damina Baba ya faɗi baitin ƙarshe. Ya ce wa Chinyere, "'Yata, yau na sauke kayan da na ɗauka tun ina saurayi." Ya ce kar a fitar da shi a takarda sai na dawo, ni zan karanta masa daga farko har ƙarshe. Bai kai ga dawowata a tsaye ba. Yana alwalar la'asar ya faɗi a bakin rariya. Da aka kai shi asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta tafi, harshe ya karye. Hankalinsa kuwa garau, yana jin komai, yana gane kowa da murya.

Da aka sallamo shi na durƙusa a gefen katifarsa na ce, "Baba, in je in karɓo littafi?" Ya matse min hannu da hagunsa, har ya yi ƙoƙarin murmushi da rabin bakin da ya rage.

Na isa shago da hantsi. Chinyere ta kunna inji, ya tashi shiru kamar ɓarawo. Ta danna sunan littafin, wani ɗan rubutu ya fito. Ta sake dannawa, ya sake fitowa.

"Mene ne?"

"Anti, ya ƙi buɗewa."

"Sa disket ɗin."

Ta sa. Shi ya buɗe, kuma da bai buɗe ba da ya fi min. Shafin farko rabi Hausa, rabi akwatuna. Na biyu baiti uku lafiya, sai wani dogon jerin alamomi. Ta yi ta gangarawa, ina tsaye a kanta, ina ganin waƙar kakana kamar zanen da ɓera ya kwana a kai. Duk mako ta riƙa kwafe sabo a kan tsoho, don haka na disket ɗin ma ciwon ya bi shi.

Ifeanyi ya fita da gudu ya ɗauko wani injiniya mai suna Uchenna, wanda ke gyara wa manyan ofisoshi kwamfuta. Mutum ne marar yawan magana, da ganinsa ya gaji da ganin irin wannan. Ya kwance murfi, ya leƙa, ya ɗago 'yar wayar da ke lilo.

"Wa ya cire wannan?"

Ya mayar da ita, ya shiga ya dawo da ƙirgar, ya kashe ya kunna. Lambobi suka yi gudu suka cije. Sai kukan ya fito, dogo, siriri, ya ɗauke, ya dawo. Ranar na fara jin sa. Ko jariri ya ji ya san wannan ba sallama ba ce.

Uchenna ya zare memorin ya kai shi bakin ƙofa wajen haske. Ya sa farce ya ɗaga takardar da aka manna a kai, ya gyaɗa kai. Na ce ya yi min bayani da Hausar da zan gane.

Ya ce, "Malama, kin san lugude? Mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. A cikin injin nan akwai agogo, ba na faɗin lokaci ba, na ba da taku. Duk abin da ke ciki da bugunsa yake tafiya. Wannan da aka ƙaro tsohon yayi ne, takunsa bai kai na agogon ba, wani ne ya manna masa takardar mai sauri ya sayar. Yawanci yana ƙoƙari ya kamo. Amma in ya yi zafi sai ya makara, taɓare su haɗu, hatsi ya zube. Kaɗan ne ke zuba, ba za ki lura ba. To duk sanda aka buɗe littafin nan, gaba ɗayansa ke bi ta cikin wannan abin, in an adana ya koma da ɓarnar. Gobe a ƙara wata a kai."

"Injin ya sani?"

"Shi ya sa yake ƙirga da safe. Ya gwada su ya ji ko takunsu ya zo ɗaya, in bai zo ba ya faɗa. Ya faɗa kuwa." Ya ajiye abin a tebur. "Da ranar da ya fara kuka aka zare wannan, da ko wasali ba a rasa ba."

Na juya kan Ifeanyi. Allah ya sani na wanke shi tas, kuma ban yi nadama ba. Ya tsaya kansa a ƙasa, ƙato da shi, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

"Malama, a gaban mutane ya dafa kaina saboda abin nan. Ya kira sunan babana. Da wane baki zan ce masa abin da na kawo ne ke da ciwo?"

Na ce, "Da bakin da ka ce masa an gyara."

Amma duk ihu ne bayan hari. Kuma can ƙasan raina na san ba mugunta ya yi ba. A Kano aka haife shi, tarbiyyarmu ya sha, karar da muke alfahari da ita ce ya yi mana, ya kuma iya ta fiye da yadda muka koya masa.

Uchenna ya yi kwanaki yana tsinto abin da zai tsintu. Abin da ya fito bai kai a kira shi littafi ba. Wasu waƙoƙin kai babu ƙafa, wasu baiti ɗaya tsaye shi kaɗai a tsakiyar shara. Na zaunar da Chinyere na ce ta tuno, tunda ita ta buga. Ta yi iya yinta, ta rufe ido, ta motsa yatsu a kan cinyarta. Ta ce, "Anti, ta kunne yake shiga ya fita ta yatsu, ba ya tsayawa a kai." Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Na tarar da Baffa a zaure yana jirana. Ya ga 'yan takardun da ke hannuna, ya ga fuskata, ya gane.

"Asama'u, ki rufa mana asiri. Mutumin nan ba shi da lafiya. Ki karanta masa abin da ya samu, ki tsallake inda babu, ki ce masa sauran na wurin ɗab'i. Ba a kai wa majinyaci mugun labari."

Na ce, "Baffa, waƙar ubansa ce. Zan tsallake baiti bai sani ba? Rufin asirin nan ne ya kawo mu nan."

"Ke dai ba ki da kara."

"Ba ni da ita, Baffa. Ita ma kwamfutar ba ta da ita, shi ya sa aka cire mata baki."

Na shiga. Baba na kwance a ɗakinsa, an jingina shi da matasai, ƙanshin man zafi ya cika ɗakin. Ya ji takuna ya miƙo hagunsa. Na ɗora masa takardun. Ya auna su a hannu, ya shafa kaurinsu da babban yatsa, na ga fuskarsa ta sauya tun kafin in buɗe baki. Na faɗa masa komai, ban rage ba, ban sa masa zuma ba. Da na zo kan wayar da aka zare, ya rufe idanun nan da ba sa gani, ya gyaɗa kai a hankali. Ya sani. Tun ranar da ba ta yi sallama ba ya sani.

Na ce, "Baba, ba a rasa duka ba. Kuma suna nan a kanka. In karanta, inda ya yanke ka cika min, ko da kalma ɗaya-ɗaya ce, ina da biro."

Ya matse hannuna. Na zaɓi waƙar masu mulki, wadda ya jira tafiyar soja saboda ita, don farkonta ya tsira. Na karanta:

Ya kai mai iko, sassauta takunka,
Ƙasar da ka taka ita ce makwancinka.
In talaka ya yi kuka a ƙofarka,

Nan ta yanke. Abin da ya biyo baya akwatuna ne har ƙarshen shafi. Chinyere ta ce ita dai ta tuna layi na gaba da kalmar "kada" ya fara, daga nan ba ta san komai ba.

Na ce, "Sai me, Baba? In talaka ya yi kuka a ƙofarka, kada me?"

Na ga baitin ya zo masa. Wallahi na gan shi a fuskarsa, goshinsa ya saki, yatsun hagunsa suka fara buga ma'aunin waƙar a kan bargo, daidai, ba kuskure. Ya ja numfashi ya buɗe baki. Leɓe ya karkace, harshe ya yi nauyi ya makara, abin da ya fito wani dogon sauti ne marar harafi. Ya tsaya. Yatsun suka koma farkon layi suka sake bugawa, ya sake buɗe baki, sautin ya sake fitowa, ya fi na farko tsawo. Jijiyar wuyansa ta miƙe, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Na riƙe biro a kan takarda ban rubuta komai ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yammacin ba, ko ranar da mahaifiyata ta rasu.

Muna haka aka yi sallama. Dattawan masallacin unguwa ne suka zo dubiya, Baffa ya shigo da su, suka zauna a kan tabarma. Babbansu ya matso ya ɗaga murya, yadda ake yi wa majinyaci kamar kurma ne.

"Malam, yaya jikin?"

Baba bai ma san da su ba, yana can kan baitinsa. Yatsunsa na bugawa, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya sake buɗe baki, dogon sautin nan ya cika ɗakin, ya ɗauke, ya dawo. Dattawan suka dubi juna, suka dubi Baffa.

Baffa ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ya ce da sauƙi."

Suka ce Allah ya ƙara sauƙi, suka shafa fatiha, suka fita neman takalmansu.